Ƙafar Inna Kulu

Jiya na ji ɗaya daga cikinku, ku 'yan makaranta da aka turo mana koyon aiki, yana gaya wa ɗan'uwansa a bakin ɗakin tiyata wai aikin fata ba aiki ba ne, a yanke ne a ɗinke a naɗe, kowa ya kama gabansa. Lokacin hannuwana na cikin ruwan sabulu. Yau ba mu da aiki sai bayan azahar, saboda haka ku jawo benci ku zauna. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina miƙa wa likitoci wuƙa tsakanin Gummi da Bukkuyum da Anka, amma labarin ƙafa ɗaya tak zan ba ku, wadda saura ƙiris a yanke ta saboda ni.

Ranar wata Talata da hantsi aka kawo Inna Kulu, daga wani ƙauye gaba da Nasarawa Burkullu, a bayan motar ɗaukar hatsi, an shimfiɗa mata tabarma a kan buhuna. Babu wanda ya san shekarunta. Ɗan da ya kawo ta, Malam Mamman, gemunsa fari fat, ya tasam ma saba'in, sai ku ƙiyasta nata. Tun kafin a kwance tsumman da ke ƙafarta warin ya riga ya gaya mini abin da zan gani. Gyambo ne a saman idon sawu, faɗinsa ya kai tafin hannu, bakinsa ya yi tauri ya juyo waje, ko auduga ta taɓa shi sai jini. Kewaye da shi akwai wani tsohon tabo fari mai sheƙi. Na tambaye ta asalin tabon, ta ce tukunyar ruwan wankan jego ce ta kife mata a haihuwar fari.

Ku riƙe wannan. Tsohon tabon ƙuna yana iya yin shekara hamsin, sittin, lafiya lau, rana ɗaya ya tsage ya zama gyambo. Idan gyambon ya ƙi warkewa, bakinsa ya fara tashi yana juyowa, to ya tashi daga gyambo ya koma ciwon daji. Duk wankin duniya ba zai rufe shi ba, sai wuƙa.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, tun yaushe wanga gyambo yab buɗe?"

Ta ce, "Tun shekarad da yara sunka yi ta mutuwa."

"Shekara ukku ke nan, Inna. Mi yah hana ki zakuwa?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Haba ɗana. Ana ɗaukaj jinjirai zuwa kushewa, ni in ɗauko tsohuwaƙ ƙahwa in ce a diba min?"

Ba ita kaɗai ta yi haka ba. Ku kuna firamare a shekarar gubar dalma, lokacin da niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya riƙa kashe yara a Dareta da Sunke da ƙauyukan da ke kewaye. Ni ina bakin aiki. Duk wani mai hannu a asibiti an ja shi wajen yara, har ni da ban san komai ba sai tiyata, na koma neman jijiya a hannun da bai kai babban yatsana kauri ba. A baya muna da wani dogon benci da tsofaffi masu gyambo ke cikawa kowace safiya, suna hira suna jiran wanki. A shekarar nan bencin ya koma wayam. Ba korarsu muka yi ba, su ne suka ji nauyin zuwa. Da ƙura ta lafa suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu kuwa abin ya riga ya kai ƙashi. A duk shekarun aikina ban ga an yanke ƙafafun tsofaffi kamar a shekaru biyun da suka biyo baya ba.

Akwai likitan tiyata da ke zuwa mana daga Sakkwato sau biyu a wata. Ya yanki ɗan nama a bakin gyambon, muka sa a kwalba aka aika gwaji, bayan makonni amsa ta dawo cewa daji ne. Ya lalubi matsematsinta bai ji kaluluwa ba, hoto kuma ya nuna bai taɓa ƙashi ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, wanda shi ne ya fi tabbas, ko a yanke dajin da faɗi a ɗebo fata daga cinya a dasa a wurin. Na fassara mata dalla-dalla.

Ta ce, "Da ƙahwa biyu niz zaka duniya, da biyu za a sa ni ƙasa. In ba ku iyawa, ku maishe ni gida."

Likita ya yi murmushi ya ce a shirya dashe.

Jikin tsoho ba jikin babba ba ne da ya ɗan kwana biyu, wani jiki ne dabam. Fatar Inna Kulu kamar ɓawon albasa take, in ka manna filasta ka fizge, da fata za ta taho. Ba a barin irinsu da yunwa tun daren jiya har azahar, su ake fara shigarwa. Ana kashe fanka a lulluɓe su da bargo ko da ku gumi na zubo muku, don sanyi yana shigarsu da wuri. Ba mu sa ta barci ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba, allurar baya aka yi mata kaɗan, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Sannan a tsaya a kanta ana auna jini ana jan ta da hira. In tsohuwa na ba ka labarin awakinta sai ka ji ta yi shiru, kada ka ce barci ne, duba awon jininta.

Likita ya zana layi da alƙalami, faɗin yatsa biyu daga bakin gyambon, a cikin lafiyayyar fata. Sabon shiga yakan ji tausayi ya matso da layin, wai kada ramin ya yi girma. Wannan tausayin ne ke dawo da daji bayan shekara. Aka yanke har zuwa farin nama mai tsabta, aka tsayar da jini, muka canza safar hannu da kayan aiki gaba ɗaya kafin mu taɓa cinya.

Wuƙar dashe ita ce waccan doguwar da ke cikin akwatin ƙarfe, wadda na hana ku taɓawa. Tana da wani ɗan sanda mai juyawa a gaban kaifin, tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurin fatar da za ta fito. Malam Garba Diresa, wanda ya koya mini aiki a Gummi, sai da ya sa na yi wata shida ina feƙe ɓawon kabewa da ita kafin ya bar ni na tsaya kusa da cinyar mutum. In na feƙo sai ya ɗaga a taga. In haske bai ratsa ba ya yar a ƙasa ya ce, "Wanga takalmi za ka ɗunka da shi?" Ba don in riƙa yanka ya koya mini ba, yanka na likita ne. Don in san abin da hannun likita ke buƙata ne, in saita masa wuƙar, in kuma ja fatar cinya da 'yan katakai biyu ta miƙe sumul. A cinyar tsohuwa fatar sakwaf take, in ka ja da yawa ta yage, in ka sassauta wuƙa ta nutse. Ran nan ta fito siririya lafiya, na shimfiɗa ta a katako na yi mata 'yan huje-huje da bakin wuƙa don ruwan ciwo ya sami mafita. Aka ɗora, aka ɗinke gefe, aka rufe da ƙyalle mai maiƙo da auduga, aka naɗe.

Fatar dashe ba ta zuwa da jijiyarta. Kwanakin farko tsotso take yi daga naman da ke ƙarƙashinta, sannan a hankali ta kama. Ko bayan ta kama sai ta yi makonni kafin ta yi ƙwari, kuma babu abin da ke kashe ta kamar jiƙaƙƙen bandeji da ya kwana a kanta.

Ran kwana biyar muka buɗe, dashe ya yi ja-ja, ya kama kusan duka. Autarta Hajo, mace mai kimanin hamsin, ita ke jinyarta. Da yake an hana Inna sauka daga gado, Hajo kan miƙa mata wani dutse ta yi taimama ta yi salla a zaune. Shi kuwa Malam Mamman kullum yana nan, amma ban taɓa ganin ya shiga ɗakin ba. A bakin taga yake tsayawa daga waje, ya kira Hajo ya miƙa mata fura, ya tambayi yadda aka kwana. In Inna ta hango inuwarsa sai ta juya fuskarta bango. Na ce a raina ga wani ƙaton tsoho mai tsoron warin ciwo, ko kuma akwai wata tsohuwar rigima tsakaninsu. Har na ɗan tsane shi.

Ran sallama, kwana goma sha biyu da aiki, Hajo ba ta nan, an kira ta Gummi 'yarta na naƙuda. Ni kuma mutum uku na jirana a tiyata. Na tare Malam Mamman a baranda na zayyana masa a tsaye: kada a kwance ɗaurin, kada ruwa ya taɓa shi ko ɗigo, ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, a dawo da ita bayan mako. Ya ce, "To, Malam. In Allah ya so." Na ga bakinsa ya motsa kamar zai ƙara magana, amma na riga na juya. Ita kuwa mai ƙafar, tana zaune taku goma daga inda muke, ban ce mata komai ba sai Allah ya ƙara sauƙi.

Ruwan sama ya ɓata hanya, sai ran kwana goma suka dawo. Ina taɓa bandejin na ji shi danshi sharkaf, ya yi kore-kore. Da na ɗaga ƙyallen ƙarshe, fatar da muka dasa ta biyo shi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na fita baranda a fusace.

"Malam, ban hwaɗa maka kar ruwa shi taɓa ƙahwag ga ba?"

Ya sunkuyar da kai. Dattijo mai furfura, ya tsaya a gabana yana murza carbi. Can ya ce, "Ka hwaɗi, Malam. Amma ni na ɗan hwarinta."

Sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ku 'yan birni wataƙila sai an yi muku bayani. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, shi ma ba ya tsayawa gabanta ya ce yi kaza, bari kaza. Wasu gidajen abin ya sassauta, amma mutanen zamanin Inna Kulu da gaske suke riƙe da shi. Tun ranar farko ta gaya mini ƙunar ta haihuwar fari ce, ga mutum a gabana da shekarunsa suka yi daidai da tabon, kwana goma sha biyu ina kallonsa a bakin taga, ban haɗa ba. Kuma ni kaina ɗan fari ne, Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a bakin aiki.

Ashe da suka isa gida, matarsa ya gaya wa saƙon. Ita kuma suruka ce, ina ita ina tsayawa gaban uwar miji da doka? Sai ta gaya wa wata tsohuwa maƙwabciya, aminiyar Inna, wadda kunnenta ya yi nauyi. Kafin saƙon ya kai, abu ɗaya ya rage a cikinsa.

Inna ta ce mini, "An ce kar in kwance, ban kwance ba ko sau guda. Bisa nai ni ka zuba ruwan alwalla."

Sau biyar a rana, kwana goma, ruwan rijiya. Ta bi doka iyakar yadda ta iso mata.

Likita bai yi faɗa ba, ya dai dube ni, na gwammace ya yi faɗan. Ya ce a yi ta wanki har nama ya yi ja, sannan a gwada sau ɗaya daga ɗaya cinyar. In wannan ya faɗi babu sauran fatar ɗiba, sai yankewa, kuma bai tabbata zuciyarta za ta ɗauki yankewar ba.

Mako biyu ina wanke ƙafar nan da hannuna kowace safiya, ban bar wa kowa ba. Ana jibi aiki na jawo 'yar kujera na zauna ƙasa da gadonta, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na gaya mata da bakina cewa ruwa ne ya kashe dashen, kuma in ya sake taɓa shi ƙafar za ta tafi.

Ta ce, "Nan ina kwance, an hana ni tashi, na yarda da dutse. Amma gida ga ruwa ga buta, ga ni zaune da ƙarhina, in tsaya gaban Ubangiji da ƙahwa ba wanki? Shekara nawa yar rage min da za ni ɓata salla?"

Na ce ai an yarda mai rauni ya shafa bisa ɗauri kawai. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai likita na ko malami? Riƙe almakashinka, ɗana."

Na fita na sami Hajo, wadda ta dawo jinya, na tambaye ta wane malami ne Inna ke yarda da maganarsa, in aika a ɗauko shi ko daga ina ne. Hajo ta yi dariya har da riƙe baki, ta nuna mini taga. Ashe Malam Mamman shi ne limamin ƙauyensu. Duk wanda alwala ko gado ko azumi ya rikice wa, wurinsa yake zuwa. Mutum ɗaya ce a garin ba ta iya tambayarsa, shi ma ita kaɗai ce ba ya iya gaya wa.

Na same shi a gindin bishiyar bedi na ce ina da tambaya ta addini, amma a cikin ɗaki nake son ya amsa mini. Ya gane nan take. Na ja labulen da muke kewaye gado da shi, na ajiye masa kujera a bayan labulen, ni na tsaya a tsakiya inda kowannensu ke ganina. Inna ta juya fuskarta bango, ta ja mayafi.

Na ɗaga murya na ce, "Allah shi gafarta Malam, mutum na da rauni ga ƙahwa, likita ya ce ruwa na cuta mai. Ƙaƙa za shi yi da alwalla?"

Ya gyara murya sau biyu kafin magana ta fito. "Shi wanke inda al lahiya. Inda ad da ɗauri, shi jiƙa hannu shi yarhe, shi shahwa bisa sau guda. Alwallatai ta cika, sallatai ta yi."

Har matar gadon kusa ta daina tauna goro. Inna ba ta juyo ba. Can sai ta ce wa bango, "Ɗana, tambayi malamin ga. In ƙahwa ta warke, sai an rama sallolin?"

Na maimaita, ko da yake ya ji sarai.

Ya ce, "Ka ce mata babu ramuwa. Ka ce mata Allah na son a karɓi sauƙinai, awa yadda shi ka son a bi umurninai."

Na maimaita mata. Ta ce, "To."

Aka yi aiki na biyu, ya fi na farko wuya, don jininta ya faɗi ana tsakiya sai da muka dakata. Wannan karon mako uku muka riƙe ta. Da aka ba ta izinin zama a bakin gado, na tsaya ina kallo ta yi alwala da buta da kwano. Ta wanke lafiyayyar ƙafar, sannan ta jiƙa hannu, ta yarfe har sau uku, ta shafa bisa bandejin a hankali kamar mai shafa kan jinjiri. Ta ɗago ta harare ni ta ce ko ina da gyara. Na ce babu.

Dashen ya kama, in ban da wani ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa da ya cike da kansa. Gwajin naman da aka yanke shi ma ya nuna an kewaye dajin duka. Ran sallama ni na zauna gabanta na faɗa mata komai, na sa ta maimaita mini. Muka kawo keken tura majinyata ta ce a mayar, ba don keke ta sha wuƙa sau biyu ba. Ta dafa kafaɗar Hajo, ta taka da ƙafafunta biyu tun daga gado har bakin mota, a hankali, tana hutawa. Malam Mamman na biye a baya, nesa kaɗan, riƙe da buta da ƙullin kayanta.

Da ta kai bakin motar sai ta tsaya, ta kamo hannun rigata. Ba ta waiwaya ba, amma ta ɗaga murya yadda ba ta saba ba.

"Ɗana, malamin nan da kas samo min, ya san karatu. Wadda tah haihe shi ba ta yi asara ba. In ka gane shi, ka ce Allah shi yi mai albarka."

Na juya in isar da saƙo. Ya ajiye butar a ƙasa, ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Wannan karon ban maimaita ba.